Naman Mushe

Zuwa ga maigidana, Baban Rifkatu.

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ba zan tambaye ka lafiya ba, don inda kake babu ciwo. Mu dai nan Gure muna lafiya, ni da Rifkatu, sai kewarka. Wata tara ke nan da ka tafi gida, ban taɓa ɗaukar alƙalami da sunan zan yi maka magana ba sai yau, domin abin da ya faru a Nowel ɗin nan, bikin haihuwar Yesu, ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai. Matan majami'a sun nace sai an karanta wasiƙar nan ranar Lahadi. To, su ji, amma da kai nake. Saboda su ne zan faro daga farko, kada ka ce na cika dogon zance kamar yadda ka saba faɗa.

Ka tuna shekarar casa'in, da aka turo ka koyarwa a lakwal, makarantar bokon garin nan? Kowa Mushe yake ce maka, yadda ake kiran duk wani malamin lakwal a ƙasarmu, ni ma don kunyar sunanka na bi sahu. Gidan da muka sauka katanga ɗaya ce ta raba shi da na Alhaji Mamman, Badamagaren nan mai shagon atamfa a bakin kasuwa. Mu kaɗai ne masu bin Yesu a unguwar.

Nowel ɗinmu na farko ka yanka ɗan akuya da hannunka, na dafa shinkafa da miya, na zuba wa maƙwabta kwano huɗu. Na ci ado, na ɗauki mafi girma na yi sallama gidan Alhaji. Mahaifiyarsa, Hajiya Babba, tana kan tabarma tana tsintar wake. Ta ɗaga murfi ta ce, "Naman wa ke nan?" Ni kuwa baki har kunne na ce, "Naman Mushe ne, Hajiya."

Tsohuwa ta saki murfi ta rafka salati. "Mushe kika kawo mini har ɗaki? Abin da ya mutu ba yanka?" Na rikice, na shiga gyara, ashe ƙara ɓatawa nake yi. Na ce, "A'a Hajiya, ai maigidana ne mushen!" Matan gida suka fito daga madafa, wata na dariya, wata na tofar da yawu. Da ƙafa Hajiya ta turo mini kwanona.

Na dawo ina kuka, na ba ka labari, kai kuwa ka yi dariya har ka zauna a ƙasa kana riƙe ciki. Allah ya sani ranar da muciya na kusa da hannuna da ka ji a jikinka.

Amma abin bai tsaya a dariya ba. Ko da suka gane abin da nake nufi, sai suka ce ai duk ɗaya ne, yankan wanda ba ya salla mushe ne. Sunan ya manne mana. In na wuce sai in ji ana cewa ga matar gidan mushe. A pampo, in na ɗauke bokitina sai an wanke bakin ƙarfen kafin wata ta tara. Mata suka daina shigowa ɗibar wuta da safe, suna da biki a yi a watse ba a faɗa mana ba. Wanda ya fi ci mini rai shi ne ranar da Rifkatu ta dawo da ƙosanta a hannu bai taɓu ba, ta ce ƙawayenta sun ce an hana su cin abin hannunta. Shekararta biyar a lokacin.

Sai kuma na ɓoye. Wata safiya ina sharar ƙofar gida tsintsiya ta kamo wani baƙin zare. Na ja, sai ga ƙahon rago an binne shi daidai inda muke takawa, cike da allurai da gashi. Na yar da tsintsiya na kira ka. Ka fito, ka tono shi da hannu, ka durƙusar da mu nan bakin ƙofa ka yi addu'a, har wanda ya binne ka roƙa wa gafara. Sannan ka jefa shi a murhu ƙarƙashin tukunyar koko, ka ce, "Gure ba itace, ga wani bawan Allah ya kawo mana har gida." Kokon ranar ƙaurin ƙaho ya hana shi shayuwa, amma don taurin kai sai da ka shanye moɗa biyu.

Ni ba zan yi maka ƙarya ba, na ji tsoro. Mako guda in Rifkatu ta ce kanta na ciwo sai gabana ya faɗi. Kai ne kake zaunar da ni bayan karatun safe kana cewa, "Wanda ke tare da mu ya riga ya fito daga kabari, ƙahon rago ne zai gagare shi?"

Da Nowel ya zagayo sai ka fito da wata dabara. Ka ɗaura wa ɗan akuya igiya, ka ja shi har ƙofar shagon Alhaji, ka ce, "Alhaji, zo ka yanka mini da hannunka, don ku ma ku iya ci." Ko kai bai ɗago daga atamfar da yake aunawa ba, ya ce, "Mushe, ka yi haƙuri, wuƙata ba ta shiga bikinku." Ka gode masa, ka wuce ka kira mahauci Musulmi ya yanka a idon kowa. Duk da haka kwanonin nan huɗu suka dawo a rufe, naman ya sandare, ba a taɓa ba. Unguwar kuwa Alhaji take kallo, abin da gidansa bai ci ba babu mai ci.

Shekara shida kana wannan tafiya da igiya a hannu, shekara shida amsa ɗaya kake samu. A ta biyar na ce maka in ka sake aike na da kwano, a kanka zan kife shi. Ka ce, "Ba mu muka zaɓi katangar nan ba, Allah ne ya ajiye mu kusa da shi." Na yi tsaki, na ɗauki kwano na tafi, na kuma dawo da shi.

Sai bazarar bana sanƙarau ya kwantar da kai. Kwana uku kawai muka yi a gidan likita. Ranar ƙarshe, da ka ɗan dawo hayyacinka, ina jiran ka yi mini wata babbar magana, sai ka ce, "Akuyar nan da ta haihu, ki bar namijin na Nowel." Haba Baban Rifkatu! Mutum na shirin tafiya wurin Ubangijinsa, zancen ɗan akuya yake yi. Na yi fushi da kai, ina kuka ina fushi.

Bayan ka tafi na ji da kunnena a pampo ana cewa ƙahon nan ne ya kama ka, ya dai yi jinkiri ne. Maganar ta shige ni. Ina daka tana biye da ni, ina addu'a tana tsaye a kaina, wani abu a zuciyata na ce mini ina Allahn naku yake. Wannan ne yaƙin da ya fi kowane tsanani, kuma ba ka nan balle ka mayar da shi abin dariya. Matan majami'a ne suka riƙe ni, su biyar ɗin nan, kowace Laraba su zo su zauna mu yi waƙa, tun bakina na motsi kawai har zuciyata ta dawo tana bi.

Yayanka ya zo daga ƙauye zai kwashe mu. Ya ce me gwauruwa Kirista za ta zauna yi a garin da ko wuta ba a ɗiba a gidanta. Na ce ya bar ni in ga Nowel. A raina kuwa na yanke: zan aika da kwano sau ɗaya tak don cika maganarka, in ya dawo a rufe, in ɗaure kayana mu bar Gure.

Safiyar Nowel na yi ta jan ƙafa. In kama igiya in saki, in ce me zai kai mace tsakiyar maza da ɗan akuya. Sai da hantsi ya dubi ludayi na fita, kuma gaskiya ɗan akuyan ne ya ja ni, ba ni na ja shi ba. Na tarar da shago cike, dattawa uku zaune a kan benci. Na durƙusa na gaida su. Duk kalaman ladabin da na shirya a hanya suka gudu, sai bakin nan nawa da ka sani ya buɗe da kansa. Na ce, "Alhaji, Mushe dai ya mutu, an binne shi. Wannan ba naman Mushe ba ne, na gwauruwa ne da marainiya. Za ka yanka ko in wuce?"

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce subhanallahi. Alhaji ya ajiye almakashi, ya daɗe yana kallon igiyar da ke hannuna. Can ya ce, "Tun da na buɗe shago yau nake duban hanya. Na ɗauka bana ba mai zuwa." Ya shiga ciki ya fito da wuƙarsa.

Baban Rifkatu, da ka gani! Alhaji Mamman da babbar rigarsa a naɗe a kafaɗa, durƙushe a ƙofar gidanmu, ya yi bisimilla ya yanka. Bai tashi ba kuma. Ya ce a ba shi tabarma, a gasa masa hanta. Na gasa, gefe ɗaya ma ya ƙone. Ya zauna a waje, bakin hanya, inda duk mai wucewa zai gan shi, ya ci, ya ce in ƙaro yaji. Wani ya tsaya ya ce, "Alhaji, a nan?" Ya ce, "Ni na yanka. In kana da magana zo ka zauna ka faɗa da nama a bakinka."

Na shige madafa na toshe baki da zane don kada a ji ni. Kuka nake, dariya nake, rawa nake, duk a haɗe. Rifkatu ta leƙo ta ɗauka wani abu ne ya same ni. Tun da ka tafi ban ji daɗi irin na wannan rana ba.

Kwano huɗu na aika, uku sun dawo a wanke. Hajiya Babba ta aiko a ce mini haƙoranta sun ƙare, in akwai romo a ƙaro mata, ta kuma cika kwanon da dabinon kwari. Na huɗun ya dawo a rufe yadda ya tafi, kuma jiya ma sai da wata ta wanke pampo bayan na ɗebi ruwa. Ba komai ya canza ba, Alhaji ma yana nan a Musulminsa, ni ina nan a bin Yesuna. Amma na aika wa yayanka cewa kada ya turo amalanke, muna nan.

Saura abu ɗaya, shi ne ma ya sa na zauna rubutun nan. Kashegarin Nowel da safe Alhaji ya yi sallama a ƙofa. Na fito, ya tsaya yana murza hula a hannu. Ya ce ranar da aka ɗauke ka yana cikin zaure yana jin waƙarmu, ya tashi zai bi mu har sau biyu, tsoron bakin mutane ya zaunar da shi. Ya ce in nuna masa inda aka kwantar da kai.

Muka tafi, shi a gaba, ni da Rifkatu a baya, har gindin tudun nan na bayan gari inda 'yan kaburburanmu suke. Na nuna masa naka. Ya tuɓe takalmi, ya tsuguna, ya sa hannu ya gyara ƙayar da akuyoyi suka ture. Sannan ya ce, a hankali, amma na ji, "Maƙwabci, na yanka, na kuma ci. Ka yafe mini, na makara."

Na san ka, na san tun kafin ya roƙa ka yafe. Amma tun da ba ka da bakin amsawa, ni na amsa maka. Na ce, "Ya yafe, Alhaji. Ni ce dai ban yafe ba sai yau."

Ubangiji Yesu, wanda ya riƙe mu shekarun nan ba mu faɗi ba, ya karɓi godiya. Ya sa albarka a gidan Alhaji, ya ƙara wa Hajiya Babba kwana, ya tausasa zuciyar da ta rage, tawa ma ya ci gaba da gyara ta. Ya raya mana Rifkatu a cikin bangaskiya. Kai kuma ka huta lafiya a wurinsa har ranar da zai tara mu. Amin.

Taka har kullum,
Uwar Rifkatu, daga Gure.