Neman Afuwa Ga Akuyata Kyalla

Kawu Ramalan,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa daga Oslo. Yaya Goggo Jumai da ciwon gwiwarta? Yaya mutanen Zurgu? Ni lafiya ƙalau. Sanyi ne kawai, sai ranar garin nan da take leƙowa ta koma kamar mai kunyar surukai. Har na saba cin abinci ni kaɗai, kada ku damu.

Ƙanwata Salma ta ce ka yanke wa akuyata Kyalla hukuncin yanka ranar Juma'a saboda ta shiga lambunka, wai don sauran awaki su shiga taitayinsu. Kawu, karatun da ya kawo ni nan ke nan: ko hukuncin kisa yana hana laifi. Malamaina har yau gardama suke yi, alhali kai ka gama binciken tun bara. Ka yanka wani bunsuru a gaban awakin, ka shanya fatarsa a kan shinge don gargaɗi. Washegari ta ƙarƙashin fatar suka bi suka cinye latas ɗin, domin a nan shingen ya ɓule.

Ɗan abin da na fahimta shi ne, mai ɓarna bai cika tuna wuƙa ba, hanyar shiga yake dubawa. Don Allah a toshe wurin da ƙaya.

Kyalla ce kaɗai ta rage cikin awakin Inna, Allah ya ji ƙanta. Ina so in dawo in tarar da wani abu nata yana yawo a tsakar gida.

Allah ya ƙara girma. A gaishe mini da kowa, har da mai laifin.

'Yarka,
Lubabatu