Murafen Bokiti Biyu da Tsutsar da Ke Cin Tarwaɗar Kawuna

Zuwa ga Malamin jami'a da ya zo binciken tsutsar kifi a ƙasar Ƙaraye da Rogo a daminar bara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi maka sannu da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Ranka ya daɗe, ban riƙe sunanka ba, mu nan Malam Mai Kwalabe muke ce maka. Ban san jami'ar da ka fito ba kuma ba ka bar lamba ba, wadda ka taɓa kiran mai unguwa da ita ma yanzu ba ta shiga, shi ya sa na saki takardar nan a fili ko wani zai kai maka. Sunana Hamisu. Ni ne dogon nan da ya ce maka tarwaɗa tana jin Larabci, har ka zaro biro kafin ka gane wasa nake.

Na farko, abin da ya faru. Ka ce kana zaga ruwaye ne don ka san wace tsutsa ce a wane ruwa, domin kowanne da irin tasa, wasu kuma bin kifi suke idan aka ɗauke shi a jarka daga wannan gari zuwa wancan. Ka ɗauki Sani, ɗan kawuna, mai acaɓa, ya ɗebo maka kifi bokiti biyu, ɗaya daga tafkin wajen Falgore, ɗaya daga tafkin wajen Yola tamu ta Ƙaraye. Ka rubuta sunan kowane tafki a kan murfi. Ni da Sani taubasai ne, tun muna yara ba a raba mu da tsokanar juna. Ya ajiye bokitan a ƙofar masallaci ya shiga azahar, ni kuma na musanya murafen, don in ga yadda za ka wanke shi tas idan ka gane. Ba ka gane ba. Ka ɗora su a mota ka kama hanyar Kano, ni ina bayan bishiya ina dariya.

Na biyu, abin da ya biyo baya. Bayan kaka ka bugo wa mai unguwa waya ka ce kifin Yola cike yake da tsutsa, na Falgore kuwa tsaf yake. Ranka ya daɗe, a juye ka faɗa. Kawuna Malam Ado, wanda ya bar noman gyaɗa ya haƙa ramin kiwon kifi a bayan gida, ya ji maganarka ya je Falgore ya ɗebo 'ya'yan tarwaɗa ya zuba a kan nasa masu lafiya. Ba a yi wata biyu ba suka fara tasowa saman ruwa suna buɗe baki. Ba sa motsi, ba sa gudun mutum. Sai dai ka ga bakuna a jere suna buɗewa suna rufewa, kamar masu karatun da aka ɗauke wa murya. Na ɗaga kunnen wata na duba jan naman nan da take numfashi da shi, ya koma fari fat, ga yauƙi. Nan na tuna abin da ka nuna mini a madubinka mai ƙara girman abu: wata 'yar aba mai faɗi kamar ganye, ta kafa ƙugiyoyinta a nama tana lilo. A ranar ce maka na yi ta yi kama da surukar Sani. Yanzu ko alwala nake, idan na ɗebi ruwa a tafin hannu sai na tsaya na duba. An ba ni romon kifi a gidan suna na kasa kai shi baki.

Na uku, laifina na ɗauka, ba na neman mai taya ni. Amma kai ma Malam akwai naka. Mu da muka yi karatun allo, a jikin allon ake rubutu, ba a kan abin da iska za ta ɗauke ba. Me ya hana ka rubuta a jikin bokiti? Sannan magana mai nauyi irin wannan, wadda mutum zai ɗora abincin gidansa a kanta, ka aiko ta a waya sau ɗaya, ba ka dawo ka sake ɗiba ka tabbatar ba. Littafin da ka ce kana rubutawa ma yanzu ya ɗora wa ruwan Yola abin da ba nasa ba.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na rubuto. Na je na durƙusa gaban kawu na faɗa masa komai. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce wannan karon tsokanar tawa ba ta yi gishiri ba. Na rantse, ya ce ai da rantsuwa na taɓa sayar masa da ƙwan zabuwa a matsayin na ɗawisu. Sani ma cewa ya yi so nake in ɓata masa suna a wajen 'yan boko. A ganin kawu bakin mutane ne ya kama kifinsa. Ya kwashe matattun, ya wanke ramin, ya sa an yi addu'a, kuma ya ce da zarar ya sayar da dawarsa zai koma Falgore ya sake ɗebowa, tunda mai madubi ya ce can ne mai tsafta. Maƙwabtansa biyu sun ce za su bi shi.

Don haka ina roƙonka, don Allah don Annabi, ka dawo ka ɗebi kifin tafkunan nan da hannunka. Idan ba hali, ka bugo wa mai unguwa ka ce a dakata da ɗiba daga Falgore har sai ka sake dubawa. Ka kuma gaya mana abin da ake yi wa ramin da tsutsar nan ta riga ta shiga. Idan ka zo ka zage ni a gaban jama'a, zan tsaya in saurara. Dawar kawu ta bana tana kan masussuka, kuma a gidan nan muryarka kaɗai ake ji.

Allah ya ƙara maka ilimi mai amfani, ya tsare ka a hanya, ya kuma kai takardar nan hannunka kafin buhunan dawar su isa kasuwar Rogo.

Wassalam.

Hamisu, daga ƙasar Ƙaraye.