Tsutsar da Aka Sa wa Sunan Umma

Zuwa ga Baba,

Ina gaisuwa da girmamawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi, Umma ma tana lafiya. Na san saƙon waya sai ya yi wata ba ka buɗe ba, shi ya sa na koma takarda.

Ka san aikina yanzu: shigar da sunayen tsutsotsin ƙasa, masu kamar zare da ido ba ya gani, cikin rumbun intanet da masana ke dubawa daga ko'ina. Jiya na nemi taka, wadda ka gano ka sa mata sunan Umma. Na same ta, amma an ja wa sunan layi. Wai wani masani ma ya siffanta ta a shekarar da aka haife ni, kuma sunan da ya ba ta aka ɗauka. Ka fi ni sanin ƙa'idar: wanda ya riga bugawa, sunansa ke zama. Naka ma a shekarar ya fito, amma ba a san watan ba, don babu wanda ya taɓa ganin mujallar da aka buga shi a ciki. In na samu shafin da ke da kwanan wata, zan tura wa masu kula da rumbun.

Sannan Baba, tun ina ƙarama wannan ke cina: duk abin da ke duniya, me ya sa tsutsa ka sa wa sunanta?

A gaida kowa.
Taka, Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwarki, Allah ya yi miki albarka. Ƙafa da sauƙi, wasiƙarki ce dai ta hana ni sakat.

Kwafi hamsin kacal na mujallar cibiyar bincikenmu ta buga, daga baya ta rufe. Nawa kuwa gara ta cinye su a ɗakin ajiya. Na zazzage kwalaye har na ƙarƙashin gado, babu ko shafi. Watan ma na manta shi. Kada ki shigar da abin da idonki bai gani ba don ni ne ubanki.

Sai tambayarki. Tsutsar na same ta cikin ƙasar da ta shekara uku a kwalba, bushe ƙamas. Na ɗiga ruwa, na sa ido a madubin bincike, sai ga ta ta miƙe tana motsi abinta. Lokacin shekara biyu da rasuwar yayanki, kuma tun ranar ban ji dariyar uwarki ba. Na ɗauka shi ke nan. Ranar da aka miƙa mata ke a asibiti, sai ta yi dariya, ta farfaɗo kamar tsutsar nan. Dalilin ke nan.

Ban taɓa faɗa mata ba. Da na kai mata mujallar cewa ta yi, "Mazan mutane na sayo zobe, kai tsutsa!" Mako guda ba ta kula ni ba, ni kuma kunya ta rufe mini baki. Kada ta ji an soke sunan. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan iya da gorinta ba.

Allah ya tsare.
Babanki

*

Auta,

Kina lafiya? Ya aiki?

Babanku ya ba ni wasiƙar da ya rubuta miki in kai gidan waya, ya manta bai liƙe ba. Na karanta, kuma ba haƙuri zan ba kowa ba. Na zauna a bakin titi na yi kukana, sannan na tura miki.

Ga mujallar nan. Tana ƙasan akwatin keken ɗinkina tun ranar da ya kawo ta. Watan yana jikin bango. Ko ya riga, ko an riga shi, ku kuka sani. Shekara talatin ina masa gori, mutumin nan ya iya auna wutsiyar tsutsa amma bai iya buɗe baki ba.

Ki gaya wa masu rumbun sunana ne, ban ce a cire ba. In sun gama dubawa, ki dawo mini da abata.

Ummanki