Ƙwallo da Curin Laka

Unguwar Rimi, Litinin

Baba,

Assalamu alaikum. Ya ƙarfin jiki? Tunda kunne ya hana ka waya, na ba maƙwabciyarka Naomi wannan takarda. Jibi zan koyar da darasin kimiyya kan karon abubuwa, kuma lissafin allo ya ƙi shiga kan ɗalibaina. Yaya kake yi da ƙofar aji lokacin da kake koyarwa?

'Yarka,
Mardiyya

Unguwar Dosa, Talata

Mardiyya,

Wa alaikumus salam. Jiki da godiya.

Ki samo ƙwallon roba da curin laka masu nauyi ɗaya, ki tura ƙofa rabi. Jefa lakar, za ta manne, ƙofar ta ɗan motsa. Jefa ƙwallon da ƙarfi ɗaya, zai dawo, ƙofar kuma ta rufe. Ita laka tsayar da ita kawai ƙofa ta yi. Ƙwallo kuwa sai da ta tsayar da shi ta kuma mayar da shi, don haka turin da ta sha ya kusan ninkawa. Ki bari ɗaliban su fara canka wanda zai rufe ƙofar. Shekara talatin laka suke zaɓa, suna faɗuwa.

Ɗazu na gwada a ƙofar ɗakin marigayiya mahaifiyarki. Har yanzu yana ci, sai dai ba mai tafi, kuma ni na duƙa na zaƙulo ƙwallon a ƙarƙashin kujera.

Bari in faɗa miki abin da ba ki tambaya ba. Duk Asabar kina zuwa, ki ajiye kular abinci a tsaye, ko motar ba kya kashewa. Ranakun da ba kya zuwa ina jurewa. Ranar da kika zo kika juya ita ce nake kasa cin abincin. Kaɗaici ya ishe ni. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Labaran

Unguwar Rimi, Laraba

Baba,

Barka da hutawa. Laka suka zaɓa, duk ajin. Ƙofar na rufewa suka kaure da ihu, ni kuma na fita baranda na yi kuka.

Ba sauri nake yi ba, Baba. In na zauna, idona kan ƙofar Umma yake sauka, ina jiran ta fito. Ka yafe min. Ranar Asabar da jakar kayana zan zo, in ɗakinta zai buɗu.

'Yarka,
Mardiyya

Unguwar Dosa, Alhamis

Mardiyya,

Sallama. Na share ɗakin, na kankare lakar jikin ƙofa. Ki shigo da motar ciki, ki kashe ta.

Mahaifinki