Na goge bidiyon iyakar gonarmu, zama kuma ranar Alhamis ne

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, akwai 'yan garinmu a nan. Don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu ya rage mini kuma wallahi kaina ya kulle.

Shekarata ashirin da tara, ina da shagon cajin waya a wani ƙauye gefen Makoda, solata mai ƙarfi ce, wuta ba ta yankewa. Farkon damina wani abokina da muka yi difloma tare ya nuna mini wata harka, wai ka ba da hayar sararin hard disk ɗinka, mutane daga ko'ina a duniya su ajiye fayil ɗinsu. Ba kamfani ɗaya ke riƙe kayan ba, ana yanka su gutsi-gutsi a kulle a raba wa irinmu, kai dai ka bar na'urarka a kunne kullum ana biyan ka da kirifto, wato kuɗin intanet. Na ce ai don ni aka yi wannan, ga wuta ga intanet ga tsohuwar kwamfuta, disk ne kawai babu, sabo kuwa da na ji kuɗinsa sai da na yi salati.

Sai na tuna da disk ɗin Yayana, shi a Kano yake aiki, wata-wata yake zuwa gida. Disk ɗin yana cikin akwatin Inna mahaifiyarmu, a naɗe da ɗankwali. Ba zan yi muku ƙarya ba, na san abin da ke ciki. Shekara uku da suka wuce, da Baba ya ji jikinsa ya fara ƙi, ya sa Yaya ya bi shi da kyamara suka zaga gonakinmu ɗaya bayan ɗaya, yana dogara sanda yana nuna iyaka, daga wannan ɗorawa zuwa waccan gamba, nan namu ne nan na wane. Ku 'yan birni ba lalle ku gane ba, a nan kunyar noma ɗaya ta isa ta raba zumunci, don babu sauran daji, gona jingine take da gona. A bidiyon fadama har da Baffa, ƙanin Baba, yana tsaye yana cewa haka ne, daga rijiya zuwa giginya na Baba ne. Wata biyar da yin haka Baba ya rasu. Kwamfutar Yaya kuma an sace ta a tasha bara, disk ɗin nan shi kaɗai ya rage.

Na ce wa Inna zan duba shi kar ya lalace da ajiya, ta miƙo mini har da sa albarka. Na sayi filash a kasuwa, mai babban waje kuma da araha, na kwashe komai na zuba a ciki, na ga sunayen fayil sun jeru reras, ban buɗe ko ɗaya na gwada ba, ko ɗaya! Na yi wa disk fomatin, wato na share shi tas, na haɗa shi da kwamfutata. Ranar da kayan mutane suka fara shigowa har hoto na ɗauka na tura wa abokina ina cika baki. Sau biyu Inna ta tambaye ni ajiyarta, na ce ina kan gyara.

Wata huɗu ke nan, abin da na samu bai kai kuɗin datar da na ƙona ba, amma ba wannan ya kawo ni ba. Da ruwa ya ɗauke sai Baffa ya tura 'ya'yansa suka fara fangalin albasa a ɓangarenmu, wai dama aro ya ba Baba. Yaya ya zo aka yi ba daɗi a ƙofar gida, har ya tuna masa bidiyon, nan take jikin Baffa ya yi sanyi. Washegari Baffa ya aiko liman a kan a raba wurin biyu a huta. Yaya ya ce ko kunya ɗaya ba zai bari ba, ya kai magana gaban dagaci, aka sa zama ranar Alhamis. Da zai koma ya ce mini in shirya bidiyon Baba a nuna wa kowa.

Na sa filash, innalillahi, sunaye na nan amma babu abin da ke buɗewa. Na kwashi jiki sai Kano wajen wani mai gyara, ya ce filash ɗin jabu ne, wajensa na gaskiya bai taka kara ya karya ba, sunaye kawai yake nunawa. Na ce to disk ɗin fa? Ya ce da daga fomatin na tsaya da an ceto su, amma wata huɗu ana rubuta kayan wasu a kai, sai dai in bar masa shi sati biyu ya gwada, kuma bai yi mini alkawari ba. Na kashe na'urar na kai masa, tun ranar masu harkar suke turo mini saƙo wai za su cire ni saboda ba a samun ajiyar mutane. Abin da ke ci mini rai shi ne, mutanen nan da ban san ko sunansu ba, kayansu suna rarrabe a ƙasashe, ko shagona ya ƙone ba su yi asarar komai ba. Na ubana guda ɗaya ne tak, ni na share shi da hannuna don in samar musu wuri. Wallahi na tsani kaina.

Yanzu ga inda nake. In na yi shiru Yaya zai shiga gaban dagaci da ƙarfin gwiwa hannu wofi, Baffa ya gane babu komai, ko rabin ma mu rasa, kuma da fadamar nan muke ci da rani. In na faɗa masa zai iya karɓar sulhu tun Baffa yana jin tsoro, amma Yaya mutum ne mai zafi, in ya ɗaga murya har masallaci ana ji, gidan Baffa kuma katanga ce kawai ta raba mu. Abokina ya ce in ce zafin akwati ne ya lalata disk, ka ji fa, wato in ɗora wa Inna ta mutu tana zargin kanta. Ita tun rasuwar ba ta taɓa iya kallon bidiyon ba, amma jiya ta ce mini ta shirya, ranar Alhamis za ta ji muryar Malam ɗinta, har ta sa an wanke mata mayafi.

Abu ɗaya ne kawai mai gyaran ya iya ceto mini a filash ɗin, gwajin farko ne, sakan tara. Baba yana gyara hula, ya dubi kyamara ya ce, "To ya fara ɗauka ne? Ka tabbata fa, ba zan iya sake zagayen nan ba." Shi ke nan ya yanke.

Jama'a wa zan fara faɗa wa, Yaya ko Inna? Ko in je in durƙusa gaban Baffa in haɗa shi da Allah, alhali in ya ƙi na ba shi gonar da bakina? Ku zage ni na cancanta, amma don Allah ku faɗa mini abin yi kafin Alhamis.