Itatuwan Gawon da Aka Rubuta Sun Mutu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Dashen Itatuwa da ya aiko ma'aikata ƙauyenmu a yankin Araba, Illela.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, Allah Ya sa haka, amin.

Ranka ya daɗe, sunana Haliru Umaru. Ni ne matasan unguwarmu suka sa a gaba a ƙungiyarmu ta noma, ba don na fi kowa sani ba, sai don ni kaɗai ke da haƙurin zaman taro. Sau uku na zo ofishinka, sau uku aka ce ka fita. Shi ya sa na rubuta a fili. Ka yi haƙuri idan ka ji wasiƙar babu zafi. Na nemi fushin a raina ban same shi ba. Tun ranar da abin ya faru ina cin tuwo, ina barci, ina gaida mutane, amma kamar wani ne yake yi.

1. Yadda muka fara

A da kabu-kabu nake yi da babur tsakanin Illela da Konni. Da aka rufe boda, muka wayi gari mu goma sha ɗaya muna zaune gindin dogon yaro muna kallon juna. Maigari ya ba mu aron wani fili da kowa ya gudu ya bari, domin da ruwan farko ya sauka aka yi shuka, sai iska ta kwaso rairayi ta binne geron.

Wani kawuna da ke noma a tsallaken boda shi ya nuna mana dabara. Ya ce kada mu sayi dashe ko ɗaya, itatuwan suna nan a ƙarƙashin ƙasa. Tsofaffin kututturan gawo da ake ƙonewa duk shekara lokacin sassabe, saiwarsu ba ta mutu ba. In sun yi toho, sai a zaɓi reshe biyu masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a ɗaura wa waɗanda aka bari jan tsumma don kowa ya san da mai shi. Mutane sun yi mana dariya, har ana kiranmu masu renon ƙaya. Shekara shida muna wannan reno. Ƙayar gawo ta ci hannuna har matata ta daina tambaya.

A shekara ta huɗu geronmu ya tsaya, rairayi bai binne shi ba. A ta biyar Arɗo Buba, wanda garkensa ke bi ta gefen filin, ya zo da kansa muka yi magana: yaransa ba za su sare reshe ba, mu kuma da rani za mu bar shanunsa su kwana a inuwar su ci 'ya'yan gawon, su bar mana taki. Babu takarda tsakaninmu, kuma ba a taɓa saɓawa ba.

2. Abin da ma'aikacinka ya gani

A tsakiyar daminar bana ka aiko wani jami'i ya duba filayen da za a yi dashe. Ya zo cikin mota, da littafi, da takalmi mai kyau. Ya tarar ko'ina kore shar, ban da itatuwanmu da ke tsaye tsirara babu ganye. Sai ya rubuta cewa sun bushe, a cire su a sa sababbi. Ya sa aka shafa wa kowanne jan fenti, kusa da jan tsummanmu.

Ranka ya daɗe, gawo da damina yake zubar da ganye. Haka Allah Ya yi shi. Lokacin da gero ke son rana sai ya tuɓe ya ba shi rana, ganyen da ya zubar ya zama taki. Da kaka, in sauran itatuwa sun fara kaɗewa, shi kuma sai ya yi ganye. Duk wata tsohuwa da ke tsinto itace a Araba ta san wannan. Matambayi ba ya ɓata, amma jami'inka bai tambayi kowa ba. Mu kuma da muka ga fentin, mun ɗauka ƙidaya ake yi don a yaba mana. Har murna muka yi. Wannan wautar tamu ce, ban ɗora wa kowa ba.

3. Ranar kasuwa

Ranar kasuwar Illela, muna can gaba ɗayanmu, aka kawo leburori daga wani gari da injin yankan itace. Daga baya wani dattijo a cikinsu ya neme ni har gida don ya sauke nauyi. Ya rantse mini ya gaya wa jami'in: "Yallaɓai, iccen ga ba matacce ba na, gawo na." Jami'in ya ɗaga masa takarda ya ce an riga an rubuta. Dattijon yana da iyali, ya ci gaba da aikinsa. Ban ga laifinsa ba.

Kafin la'asar sun kayar da saba'in da uku. Da na iso, Arɗo Buba yana tsaye da sandarsa a kafaɗa. Ya dube ni ya ce, "Haliru, mi anka yi nan?" Na durƙusa na sa farce na kankare ɓawon ɗaya daga cikin waɗanda ke kwance. Ƙarƙashinsa kore ne, da danshi. Na goge yatsana a riga na tafi gida.

4. Abin da aka sa a madadinsu

An dasa itatuwan turare a layi, an kafa allo, an ɗauki hoto. Ba a bar mai ban ruwa ba, ba a yi shinge ba. Awaki sun gama da mafi yawansu. Allon yana nan lafiya.

Cikin mu goma sha ɗaya, shida sun riga sun tafi ci-rani, ko gero ba a yanke ba tukuna. Ban hana kowa ba, don ban san me zan ce masa ba.

5. Abin da nake roƙo

Ban rubuto don a biya mu ba, ban kuma nemi a kori kowa daga aikinsa ba. Wanda aka sare an sare shi, magana a kansa ihu ne bayan hari.

Amma akwai ɓangaren gabas na filin, inda man injin ya ƙare kafin a kai. Itatuwa arba'in da ɗaya suna nan tsaye, kowanne da jan fentinku a jikinsa. Dattijon nan ya gaya mini an ce su dawo su ƙarasa da zarar an sake ba da mai. A takardarku har yanzu matattu ne. Su kaɗai suka rage mana, kuma saboda su ne mu biyar ba mu bi motar ci-rani ba tukuna.

Don Allah ka sa hannu a soke sunansu daga takardar. Idan ba ka yarda da maganata ba, ka jira kaka ta yi ka zo ka ga ganye da idonka. Idan aiki ya yi maka yawa, ka aiko ko wane ne, ba sai mai ilimi ba. Ya dai zo da farcensa ya kankare ɓawo ɗaya kafin a tayar da injin.

Jiya na bi ta cikin kututturan. Wasu sun fara toho. Da jan tsumma a aljihuna, na tsaya na daɗe ina kallonsu, ban ɗaura ba. Ina jiran amsarka tukuna.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka mashawarta masu tambaya, Ya sa ka gama da kujerarka lafiya, Ya raya maka zuriya.

Wassalam.

Haliru Umaru,
a madadin mu biyar da muka rage,
Araba, Illela.