Faɗuwar Baba a Petra

Mama,

Kin bar wayarki a kan firji. Mun tafi da Baba asibitin da yake zuwa a Barnawa, maƙwabcinmu Malam Dalhatu ne zai kai mu. Bayan kin fita addu'ar safe ya yi amai sau biyu.

Ki yafe mini. Ranar da muka ziyarci tsohon birnin Petra a Jodan, ba gajiya ce ta hana ni da Baba kaiwa saman dutsen birnin ba, kamar yadda muka faɗa miki. Santsi ne ya kwashe shi a matakala, ƙeyarsa ta bugu. Ya miƙe yana dariya, ya ce, "Kada uwarki ta ji." Kwana tara ke nan na yi shiru.

Kada ki tsaya girki, ki biyo mu. Ɗazu ya dube ni, ya tambaye ni wai ni 'yar waye ce.

Hadassah